Gudun Asuba: Amsoshin Tambayoyinku Kan Sassarfar Maza a Bauchi

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu guda suka zo: maza masu haɗuwa bayan sallar Asuba su yi sassarfa tare. Masu horar da 'yan gudu da ma'aikatan lafiya ne suka haɗu wajen amsawa. Mun taƙaita tambayoyin, ba mu taƙaita amsar ba inda take bukatar bayani.

Tambaya: Mu tara ne a unguwarmu, masallacinmu ɗaya, mafi ƙanƙantarmu shekararsa 28, babbanmu 52. Muna son mu fara fita gudu da asuba. Ta ina za mu kama? *Daga wani malamin makaranta, Fadaman Mada.*

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka. Ku fara da tsayar da lokaci, domin rashin kiyaye shi ne ke watsa irin wannan haɗuwa tun ba ta je ko'ina ba. A Bauchi rana kan fito wajen ƙarfe 6:00 a watannin Mayu da Yuni, amma a Janairu sai kusan 6:45, kuma haka Asuba take matsawa. Don haka kada ku ɗaura lokacinku a kan agogo, ku ɗaura shi a kan salla: minti 20 bayan liman ya sallame, a haɗu a wuri kaza. Wannan ya ishi mutum ya yi azkar ya sauya kaya. Idan lokacin ya cika, ko ku uku ne ku tashi. Ranar da aka jira Alhaji minti 10, jibi wani ma zai ce a jira shi, kafin wata ya ƙare masu zuwa da wuri sun gaji sun daina.

Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Talata, Alhamis da Asabar sun fi dacewa a garin nan, don sun bar wa kowa Juma'arsa, sun bar wa 'yan'uwa Kirista Lahadinsu. Tunda akwai masu azumin nafila ranar Alhamis, ita za ku mayar ranar da ta fi sauƙi, Asabar kuma ta zama ranar doguwar tafiya.

Fita ɗaya kada ta wuce minti 50. Minti 5 na farko tafiya ce da sauri. Minti 5 na biye a ɗumama gaɓoɓi ana motsi: a juya idon sawu, a ɗaga gwiwa ana tafiya, a wurga ƙafa gaba da baya, a juya kafaɗa. Sai sassarfa ta minti 25 zuwa 30. Sai minti 8 zuwa 10 na ƙarfafa jiki: tsuguna-tashi sau 10 zuwa 15, ɗagawa a kan yatsun ƙafa sau 15, da dannawa ƙasa da hannu gwargwadon iko, a maimaita sau biyu. A rufe da tafiya a hankali, sannan a miƙe cinya da sha-raɓa, kowace miƙa daƙiƙa 20 zuwa 30. Doguwar miƙa a tsaye ta ƙarshe ce, bayan tsoka ta yi ɗumi. Tsallen kwaɗo da sauran gwale-gwale irin na sansanin masu yi wa ƙasa hidima ku bar su. Ba a tsara su don gwiwar mai shekara 50 ba.

Wurin gudu kuma, fili ya fi titi. Filin ƙwallon makarantar unguwa, idan an share duwatsu da ramuka, ya fi kwalta taushi. Idan kuka samu izinin masu kula da filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, layin ciki na zagayen gudu na ƙa'ida mita 400 ne, zagaye goma sha biyu da rabi ya ba ku kilomita 5 ke nan. Ku riƙa sauya hannun zagayawa daga rana zuwa rana, don kada ƙafa ɗaya ta riƙa ɗaukar lanƙwasa kullum. In kuwa titi ya zama dole, ku kauce wa manyan hanyoyin fita gari, irin titin Jos, na Gombe, na Ningi da na Maiduguri, domin a daidai lokacin ne manyan motoci da motocin tasha masu sammako ke gudu a kansu. Mota a Nijeriya dama take bi, ku sai ku bi hagu, kuna fuskantar abin da ke tahowa. Layi ɗaya, ko bibbiyu idan hanya ta ba da hali. Na gaba da na baya su riƙe tocila, su sa riga mai ƙyallin nan irin ta masu aikin hanya. Ba a toshe kunne da abin sauraro.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kafin fitar farko ku je wurin mai unguwa da 'yan sintiri ku gabatar da kanku. Maza tara suna gudu cikin duhu, wanda bai san da zamanku ba yana iya zaton ɓarawo aka biyo, ko ku ne ɓarayin. Riga iri ɗaya tana rage wannan. Waya guda biyu sun isa ƙungiya, sauran a bar su a gida saboda masu ƙwace. Wando kuma ya sauka ƙasa da gwiwa, an huta da maganar al'aura, kowane dattijo ma zai ji daɗin shiga cikinku.

Tambaya: Shekarata 47, ina shan maganin hawan jini. Na bi abokaina sau biyu, kafin mu kai shataletalen farko numfashina ya ɗauke, na koma gida da kunya. Ko gudu ba nawa ba ne? *Daga wani ma'aikacin gwamnati, Gwallaga.*

Amsa: Yallaɓai, naka ne, kuma kai ka fi su bukatarsa. Ba jikinka ne ya gaza ba, saurin da aka ɗora maka ne ya fi ƙarfinka. Kuma wannan laifin ƙungiya ne kafin ya zama naka.

Amma fara da likitan da ke duba ka. Ka gaya masa kana son fara sassarfa, ya auna jininka da sukari, ya saurari zuciyarka, in ya ga dacewa ya sa a yi maka gwajin bugun zuciya. Idan awonka a zaune ya kai 180/110, ba gudu sai ya sauko. Maganinka kuma ba a ajiye shi don an fara motsa jiki. Idan awo ya yi kyau bayan watanni, likita ne zai rage, ba abokan gudu ba.

Ma'aunin sauri mafi sauƙi shi ne magana. Idan kana sassarfa kana iya gaisawa da na kusa da kai, ka tambaye shi iyali da cikakkiyar jimla, to kana daidai. Idan kalma ɗaya ko biyu kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka wuce gona da iri, koma tafiya. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220: naka 173 ke nan, ƙiyasin ƙololuwar bugun zuciya a minti. Kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na wannan, wato 104 zuwa 130, shi ne filinka. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ya kamata ka samu 26 zuwa 32. Sai dai idan maganinka irin atenolol ne ko propranolol, suna rage bugun zuciya, lissafin ba zai yi maka aiki ba, ka tsaya a kan ma'aunin magana.

Ga yadda za ka gina jikin. Mako biyu na farko tafiya ce zalla da sauri, minti 30. Mako na 3 da na 4, sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau takwas. Mako na 5 da na 6, biyu da biyu, sau bakwai. Na 7 da na 8, sassarfa minti 4, tafiya minti 1, sau shida. Daga nan minti 8 sau uku da ɗan hutu a tsakani, har ka iya minti 25 zuwa 30 a jere wajen mako na 12. Duk makon da ya yi maka nauyi, maimaita shi. Dalilin wannan jinkiri shi ne huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni, ƙashi da agara kuwa sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa rauni ya fi zuwa a daidai lokacin da mutum ya fara jin numfashinsa ya buɗe, ya ga ai yanzu zai iya ƙarawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta nemi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Fita uku da abokanka, da tafiyar ƙafa zuwa masallaci da kasuwa a sauran kwanaki, sun kai ka can.

Idan ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo mai sauka hannu, muƙamuƙi ko baya, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, tsaya nan take, a kai ka asibiti a ranar. Kada ka bari wani ya ce maka ka daure, namiji ne kai. Kuma bayan gudu kada ka tsaya cak. Ka yi tafiya minti 5, don jini kan taru a ƙafafu, awo ya faɗi, mai shan magani ya ga duhu.

Tambaya: Tun mako na uku ƙwaurina ke zugi, wani abokina kuma gwiwa. Takalmi ne, ko kwalta? Ni kambas ɗin gwanjo na saya. *Daga wani ɗalibi, Yelwa.*

Amsa: Ɗan'uwa, kafin takalmi da kwalta, tuhumi yawan gudun. Zugin da ke bin tsawon gefen ƙwauri ta ciki, ya tashi a farkon gudu ya lafa idan jiki ya yi ɗumi, mafi yawanci alama ce ta an ƙara nisa ko sauri da gaggawa. Rage gudun zuwa rabi na mako biyu, koma filin ƙasa, ka riƙa ɗagawa a kan yatsu sau 15 sau uku kullum. Ka kuma gajarta taku: ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jikinka, ba can gaba da dunduniya ba. Idan ana jin ƙarar takunka daga nesa, kana dukan ƙasa da yawa. Amma idan ciwon ya taru wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa da gudu, ko yana tashi ko kana tafiya kawai, ka daina gaba ɗaya ka je asibiti, domin ƙashi na iya yin tsagar gajiya.

Gwiwar abokinka, idan ciwon a gaba yake kewaye da ƙoƙon gwiwa, ya fi tsananta wajen saukowa bene ko bayan dogon zama, raunin cinya da ƙugu ne ya fi jawo shi. Tsuguna-tashi mara zurfi da hawa dakali da ƙafa ɗaya suna gyara shi a hankali. Gwiwar da ta kumbura, ko take maƙalewa, ko take kubcewa, ta likita ce.

Gwanjo ba laifi ba ne in an iya zaɓe. Takalmin gudu kan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin soson tafinsa ya mutu, na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci wani kaso. Ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya: in ya karkata gefe ɗaya, bar shi. Ka danna tafin da babban yatsa daga ciki. In ya yi tauri ko gefensa ya cika da tamoji, ya gama aiki. Ya lanƙwashe a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi da silifas ba na titi ba ne.

Kada kuma ku sha diclofenac ko ibuprofen kafin fita don ku danne ciwo. Idan suka haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna taɓa ƙoda, sannan suna ɓoye gargaɗin da jiki ke yi. Tramadol kuwa ko kusa, ba shi da gurbi a cikin masu neman lafiya.

Tambaya: Hunturu na shigowa. Mu dakata ne har ya wuce? *Daga mai karatu, Wunti.*

Amsa: A'a. Sanyin Disamba da Janairu ya fi zafin Afrilu daɗin gudu nesa ba kusa ba. A ƙara ɗumama jiki zuwa minti 15, a sa riga biyu marasa nauyi da za a iya cire ɗaya, a shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da dunduniya. Abin tsoro ƙura ce. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen layinku, a mayar da fitar tafiya, ko a yi atisayen ƙarfafa jiki a cikin gida. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa a aljihu, ya bi yadda likita ya tsara masa. Iskar hunturu tana busar da gumi kafin a gan shi, don haka a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Wanda ke da zazzaɓi kuma, na cizon sauro ne ko na mura, ba ya gudu a kowane yanayi. Maganar a fita a zubar da shi da gumi kuskure ne mai haɗari ga zuciya.

Tambaya: Maigidana wata huɗu ke nan yana fita. Yakan sa rigar leda a ciki wai don kitse ya narke. Idan sun gama sai su zauna wurin mai shayi. Tumbin dai yana nan. Me zan gyara masa? *Daga wata uwargida, Federal Low-cost.*

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da kulawa. Rigar ledar ita ce farkon abin da za a cire, yau ba gobe ba. Gumi ruwa ne da gishiri, babu kitse a cikinsa. Idan sikeli ya nuna ya ragu da kilo ɗaya bayan gudu, kimanin lita ɗaya ta ruwa ce ta fita, da ya sha ta dawo. Ledar tana hana gumi bushewa, bushewar kuwa ita ke sanyaya jiki. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40 da rana kuma dare ba ya hucewa sosai, wannan na iya kai mutum ga faɗuwa.

Lissafin tumbi kuma ga shi. Gudu na ƙona kimanin kalori ɗaya (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Mai kilo 85 da ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen 425. Kilo ɗaya na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne. Kwalbar lemo ta roba mai santilita 50 ta kai 200, babban cokalin mai ɗaya 120, babban cokalin sukari kusan 50. Shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku, da burodi da wainar ƙwai da ta sha mai, sun mayar da abin da aka ƙona har da ƙari. Haka masa idan ta yi iyo a mai aka zuba mata sukari.

Ba mu ce a hana shi zaman mai shayi ba, domin wataƙila wannan zaman ne ke fitar da shi daga bargo. A gyara abin da ake ci ne: sukari ƙaramin cokali ɗaya, dafaffen ƙwai maimakon soyayye, ƙosai ko alale da koko mara sukari da yawa, fura da nono ba tare da an cika zaƙi ba. A gida kuma ki rage malmalar tuwon dare, ki ƙara ganye da wake, a ci da wuri. Kafin fita, ruwa kofi ɗaya ko rabin ledar fiya-wata da dabino biyu zuwa uku sun isa. Bayan dawowa ya sha leda ɗaya zuwa biyu a hankali. Launin fitsari ne zai nuna, fari-fari mai ɗan rawaya shi ake so.

Ki ajiye sikeli ki ɗauki tef ɗin tela. Ki auna ƙugunsa daidai cibiya sau ɗaya a wata. Abin nema shi ne ya gaza rabin tsawonsa: mai tsawon santimita 170, ƙugu ƙasa da 85. Kuma ko tumbin bai motsa ba tukuna, wata huɗun nan ba su tafi a banza ba, awon jininsa da barcinsa za su shaida.

Tambaya: Mun fara mu 30, yanzu da ƙyar mu kai takwas. Matasa sun mayar da abin tsere, dattawa sun janye. Ga rigimar kuɗin riga, ga wani ɗan siyasa yana son ya ɗauki nauyinmu. Ina mafita? *Daga shugaban wata ƙungiyar gudu, Tirwun.*

Amsa: Shugaba, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin wasiƙun nan, kuma amsarta ta shafi duk waɗanda suka gabace ka. Ƙungiyar gudun asuba da na baya ake auna ta. Mai sauri ko babu ku zai yi gudunsa. Wanda kuka kafu dominsa shi ne mai tumbi, mai hawan jini, wanda ya yi shekara 20 bai yi taku goma da gudu ba. Irin wannan mutum idan ya ɗaga kai ya ga kun ɓace masa a kwana, shi kaɗai a duhu yana haki, ba zai yi ƙorafi ba. Jibi dai ba za ku gan shi ba.

Gyaran a tsarin tafiya yake. Ku naɗa jagora a gaba wanda ba a wuce shi, da mai kora a baya wanda ba ya wuce kowa. Mai kora ya zama ɗaya daga cikin ƙarfafanku, kuma a riƙa karɓa-karɓa, don kowa ya san matsayi ne na girma. Ga masu jini a jika, ku ba su abin da zai gajiyar da su ba tare da sun rabu da jama'a ba: su yi gaba har wata alama, ko turken lantarki na biyar ko mahaɗar gaba, su juyo da gudu har bayan mutum na ƙarshe, su sake hawa. Haka sai su yi kilomita 7 a hanyar da dattijo ya yi 4, a kuma ƙarasa tare. In kun yi yawa, ku kasu uku, masu tafiya, masu haɗa tafiya da sassarfa, da masu gudu, amma a hanya ɗaya mai zagayowa, a tashi tare a rufe tare. Tsere a ware masa rana ɗaya a wata, a fili, ga mai so. Wanda ya ga yana da ƙafa da gaske, akwai gudun fanfalaki na Legas da ake yi tun 2016, kilomita 42.195, da tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo. Ya shirya musu da horo na daban.

Sannan ku haɗa mutane bibbiyu, kowa da abokin tashinsa, maƙwabci ya fi, wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda aka rasa sau uku a jere, kada a tsaya tura masa saƙo a WhatsApp, mutum biyu su taka su je gidansa bayan La'asar. Sau da yawa ba lalaci ba ne. Rashin lafiyar iyali ne, ko bashi, ko aiki ya tsaya. Maza da yawa ba sa iya buɗe baki a majalisa, amma a gefen hanya, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon idon wani, sai ka ji mutum ya faɗi abin da ya yi wata yana cin sa. Don haka abin da aka faɗa a hanya amana ne. Kuma a hana tsokanar ƙiba da shekaru, ko da wasa. Su 22 ɗin da suka janye, ta wannan hanya za ku dawo da su: ku je, ku gaya musu an sauya tsari.

Kuɗi kuwa, ku rage shi iyakar iyawa. Karo-karo kaɗan a wata, wanda mai ƙaramin ƙarfi ba zai ji shi ba, kuma rashin biya kada ya hana kowa gudu. Ma'aji daban, mai rubutu daban, a karanta shiga da fita a gaban kowa Asabar ɗin farko ta wata. A rubuta abin da ake kashewa a kai: akwatin taimakon gaggawa, na'urar awon jini, tocila, da gudummawar suna, jinya da rasuwa a kan adadi guda ga kowa. Ba a ba da rance daga asusun. Mai son adashi ya kafa shi a waje.

Ɗan siyasa in yana son lafiyarsa ya zo ya shiga layi, a karɓe shi hannu biyu. Rigar da ke ɗauke da hotonsa ko alamar jam'iyya kuwa ku ba shi haƙuri. A cikinku akwai 'yan kowace jam'iyya, akwai ma'aikatan gwamnati da ba za su iya sa ta ba, kuma ranar da kuka zagaya gari da ita, sunanku ya tashi daga masu motsa jiki.

Tambaya: Da azumi fa? *Daga mai karatu, Ƙofar Ran.*

Amsa: Gudu bayan Asuba da azumi na nufin ka zubar da ruwa sannan ka yi sa'a 12 ko fiye ba ka mayar ba. Ku mayar da shi tafiyar minti 20 zuwa 30, ko ku ɗage haɗuwar zuwa bayan Asham, sa'a biyu da buɗa-baki, a yi rabin abin da aka saba. Kada dai a daina haɗuwa, don ƙungiyar da ta yi wata ba ta ga juna ba da wuya ta dawo cikakkiya bayan Salla. Mai ciwon sukari ya tambayi likitansa tun cikin Sha'aban.

Tambaya: Allah ya kiyaye, idan wani ya yanke jiki ya faɗi a cikinmu, me za mu yi kafin asibiti? *Daga wani ɗan kasuwa, Muda Lawal.*

Amsa: Amin, Alhaji. Shirin yana farawa tun kafin faɗuwa. Mai rubutu ya riƙe takarda da sunan kowa, lambar wani nasa, da ciwon da yake da shi: hawan jini, sukari, asma, farfaɗiya, har da nau'in jini na AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, domin mai AS, ko da lafiyarsa ƙalau, yana iya faɗuwa idan aka matsa masa da gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishi. A kowace fita a san motar wa ko Keken wa ke kusa, a kuma san wanne ya fi kusa da hanyarku, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ko Asibitin Ƙwararru.

Idan ya faɗi, mutum ɗaya ya ba da umarni, sauran su ja baya su tare hanya. A dafa kafaɗarsa a kira sunansa da ƙarfi, a duba ƙirjinsa daƙiƙa 10. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi, zuciya ce ta tsaya. Wani ya kira 112 ya kuma ɗauko mota, wani ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ya ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ya danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. A karɓi juna duk minti 2, kada a tsaya, har a cikin mota. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara a baki, zai tafi huhu. Albasa a hanci da mari ɓata lokaci ne.

In yana numfashi amma ba ya cikin hayyacinsa, a juya shi a gefensa a tafi da shi. In idonsa biyu, yana rawa da gumi mai sanyi, kuma mai ciwon sukari ne, musamman mai allurar insulin ko mai shan glibenclamide, a ba shi sukari babban cokali ɗaya a ruwa ko rabin kofin lemo, a jira minti 15, a sake in bai dawo daidai ba. In kuwa jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko tangaɗi, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a cire kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a jiki ana fifita, a ci gaba da hakan a hanyar asibiti. Wanda kuma ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, da tsamin jiki da ya wuce misali, ya je asibiti a ranar, tsoka ce ke narkewa tana barazana ga ƙoda.

Danna ƙirji ba a ƙware shi daga karatu. Ku nemi reshen ƙungiyar Red Cross na jiha, ko wani ma'aikacin jinya a unguwarku, ya zo wata Asabar bayan gudu ya koya muku da hannu, aƙalla mutum uku a ƙungiya su iya, a kuma maimaita koyon duk shekara.